Daga Jos zuwa rumfunan leda na Almeriya

A makon jiya na dawo daga kudancin Sifaniya, inda muka je tare da wasu manoman lambu na Filato don ganin noman lardin Almeriya. Jami'in da ya duba fasfona bai ko ɗago kai ba, ya turo mini takarduna da bayan hannu, abin da ko ɗan kamasho ba zai yi wa baƙo ba.

Da muka gangaro garin El Ejido, ido ba ya hango komai sai farar leda tun daga gindin duwatsu har bakin teku. Rumfunan lardin sun haura hekta 30,000, alhali ruwan saman da suke samu bai wuce kimanin milimita 200 a shekara ba. Mu a Jos muna samun fiye da 1,000, ga kududdufan da haƙar kuza ta bar mana, amma su ne ke ciyar da Jamus da Faransa da tumatir da tattasai a tsakiyar hunturu.

Wani dattijon manomi ya shigar da mu rumfarsa, ya tona ƙasa da hannu ya nuna mana sirrin: yashi a sama, taki a ƙarƙashinsa, sannan ƙasar noma, don kada danshi ya gudu. Ruwa kuwa ɗigo-ɗigo yake zuba a gindin kowace shuka ta siririn tiyo. Idan zafi ya tsananta, sai su shafa wa rufin farar ƙasa. Ya cika mana jaka da tumatir, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin gwanjo, inda farashi ke farawa daga sama yana sauka a kan allo har wani ɗan kasuwa ya tsayar da shi, kowa yana gani. A kasuwar Farin Gada ta Jos dillali ne ke yanke kuɗin kwando, manomi kuma ya sallama don tsoron ruɓewa.

Sai dai rijiyoyin manoman Almeriya suna ja baya, har sun koma tace ruwan teku, kuma leburorin, galibi 'yan Maroko da Senegal da Mali, wasunsu a bukkokin tsohuwar leda suke kwana. Kofi ɗan mitsitsi kuwa ya kusa yuro biyu. Ban sake saya ba.

Daga nan muka leƙa Granada, muka zaga fadar Alhambra a gurguje, washegari muka kamo hanyar gida.