Ranar da manhajar kariya ta ce babu komai

Wata Litinin da hantsi ma'ajin ofishinmu ya kira ni: "Malam, zo ka duba mini kwamfutar nan, tun jiya fankarta take ruri." Na sa manhajar kariya ta bincike ta tsaf. Bayan kusan awa ɗaya ta nuna kore, wai babu cuta. Na yarda da ita, na koma kujerata.

Ran Laraba ya sake kira. Wannan karon na buɗe Task Manager, mai nuna duk manhajojin da ke aiki a kwamfuta, sai ga PowerShell, kayan aikin Windows na ba kwamfuta umarni a rubuce, yana ta aiki a kwamfutar mutumin da ko sunansa bai taɓa ji ba. Na tsayar da shi, na kashe kwamfutar na kunna, ya dawo. Na bi sawunsa har cikin rajistar Windows, inda ake jera abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, na tarar da wani dogon layi na haruffa da lambobi a cakuɗe. Sai a lokacin ma'aji ya tuna wata takardar Word da ta zo masa ta imel da sunan rasit, ya danna maɓallin da ke ba ta izinin aiki.

Gabana ya faɗi, don ta wannan kwamfutar ake biyan albashi.

Manhajar da muke da ita kamar maigadi ce mai riƙe da hotunan sanannun ɓarayi: fayil take dubawa, ta gwada da abin da ta sani. Wannan ɓarawon kuwa bai ajiye fayil ba. A cikin RAM yake zaune, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in an kashe kwamfuta, kuma da kayan gida yake aiki, wato PowerShell da WMI (wani kayan sarrafa Windows), waɗanda Microsoft ta yi don ma'aikata irina masu kula da kwamfutoci. Ta yaya maigadi zai tare ɗan gida?

Da na shiga karatu na ga abin ya daɗe. Cutar kwamfuta mai suna Code Red, wadda ta kama dubban ɗaruruwan sabobi (manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet) a 2001, a RAM kaɗai take zama. A 2015 kamfanin Kaspersky, mai yin manhajar kariya, ya gano irin wannan cuta mai suna Duqu 2.0 a cikin kwamfutocinsa na kansa, shi da sana'arsa ke nan. A 2017 kuma ya ba da rahoton irin wannan hari a kan hukumomi da kamfanoni sama da 140 a ƙasashe 40, har da bankuna, kuma Kenya na cikin ƙasashen.

Ba na cewa manhajar kariya ba ta da amfani. Sababbin suna lura da halin da manhaja ke nunawa, kuma tun Windows 10 akwai wani sashe na Windows mai suna AMSI, mai miƙa musu umarnin PowerShell bayan an warware ɓoyonsa, kafin ya yi aiki. Amma kwamfutar ma'aji Windows 7 ce, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Ba ta da wannan gatan.

Na goge kwamfutar gaba ɗaya, muka canza duk kalmomin sirri har da na banki. Na ƙwace ikon shugaban na'ura daga hannun kowa, na hana takardun imel gudanar da umarni, na kunna rajistar da ke rubuta duk abin da PowerShell ya yi. Ita nake fara dubawa kowace safiya. Sauran kwamfutoci huɗu masu Windows 7 kuwa, na kai wa shugabanmu takarda na ce, "Yallaɓai, waɗannan ba zan iya tsare su ba." Har yanzu takardar tana kan teburinsa, kuma duk mako sai na tuna masa.