Jinina da daren Lahadi

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Likita ya ɗaura min na'urar awo a dantse, ya duba, ya sake aunawa, ya ce jinina ya haura 140/90, wato ya hau. Ina jiran ya yi min faɗan gishiri, sai ya tambaye ni awa nawa nake aiki a mako. Na ƙirga da yatsu: 60 da ɗoriya.

Ya sa na sayi na'urar, ina aunawa safe da dare ina rubutawa. Wata guda na yi, takardar ta tona asiri. Ranar hutu jinin yakan kwanta, amma daren Lahadi, tun ban taka ofis ba, ya fara hawa. Ashe tunanin ma ya isa. Likitan ya ce fargaba na sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke. Amfaninsu kenan idan mutum zai tsere wa hatsari na 'yan mintoci. In abin ya zama na kullum, bangon jijiyoyin ya jigata, kitse ya samu wurin maƙalewa.

Daga baya na ga rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021: aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi ajalin mutum 745,000 a 2016, ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai wanda ya fi tsaya min a rai shi ne binciken Whitehall kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya. Ƙananan ma'aikata sun fi manyansu kamuwa da ciwon zuciya, kuma rashin ta cewa a kan aikinsu na cikin dalilan. Ni kenan. A jibgo min aiki, a sauya shi da rana tsaka, ba a tambaye ni ba.

Aikin bai ragu sosai ba, gaskiya. Abin da na roƙa, bayan na yi kwana uku ina jan ƙafa, shi ne shugabana ya bar ni in tsara wanne zan fara, kuma in kashe waya da ƙarfe 8. Ya yarda, ko gardama bai yi ba. Na ƙara da tafiyar ƙasa ta rabin awa, ina kuma shan maganin da aka rubuta min.

Jinin ya sauka. Daren Lahadi dai har yanzu yakan ɗan motsa.