Shukar kwandona da sanyin Ingila

Duk shekara idan Oktoba ta kama a nan Leeds sai in ga maƙwabta suna sauke kwandunan shukarsu da suka rataye a bakin ƙofa suna juye su a bola, abin yana mini ciwo wallahi, musamman wadda ake ce wa Boston fern, mai dogayen ganye masu zubowa ƙasa. Shuka ce ta ƙasashe masu ɗumi da laima, ba ta jure dare ɗaya na daskarewar raɓa, amma idan ka shigo da ita ɗaki a kan lokaci za ta kai maka bazara lafiya lau.

Ni dai da na ga sanyin dare ya fara sauka kusan digiri 10 nake sauko da tawa. Kafin ta shiga gida sai na kai ta banɗaki na sakar mata shawa da ruwa mai ɗan ɗumi, saboda dodon koɗi da ƙananan ƙwari suna ɓuya a gindin ganyen, in ba ka wanke ba sai ka shigo da su falo. Sannan in sa almakashi in rage dogayen ganyen da waɗanda suka bushe. Waɗannan ɗigo-ɗigon masu ruwan ƙasa da ke jere a bayan ganye kuwa ba ƙwari ba ne, irinta ne, a bar su.

To babban abin da ke kashe ta a cikin gida hita ce. Iskar ɗakin da hita ke aiki bushewa take yi ƙayau, kamar hunturun Kano da ke fasa leɓe da diddige, ita kuma wannan shukar laima ce rayuwarta. Shi ya sa nake nisanta ta da hita, in ajiye ta kusa da taga inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, in zuba tsakuwa a faranti da ɗan ruwa in ɗora kwandon a kai yadda gindinsa ba ya taɓa ruwan. Mai banɗaki da taga ma ya huta, can ta fi so. Ban ruwa sai ka taɓa ƙasar ka ji samanta ya bushe, taki kuma babu shi sam sai sanyi ya wuce.

Za ta zubar da ganye fa, sosai ma, kullum kana shara a ƙarƙashinta, kuma a nan mutane da yawa ke karaya su ce ta mutu. Ka buɗa tsakiyarta ka duba, in dai akwai ɗan kore to tana nan da ranta. Wanda ba ya son sharar zai iya yanke ta gajere ya sa a gareji da ba ya daskarewa, ya riƙa ba ta ruwa kaɗan sau ɗaya a wata.

Ba na mayar da ita waje sai ƙarshen Mayu, shi ma a hankali, da rana waje a inuwa da dare ciki na ɗan kwanaki. Idan saiwar ta cika kwandon sai in sa wuƙa in raba ta biyu, in sake mata sabuwar ƙasa, ɗayan rabin in ba wanda ke so.