Darussa daga bin tarihin makarantar Armitage ta tsibirin Janjanbureh

Duk mai bin tarihin Armitage, sakandaren gwamnati ta kwana da ke tsibirin Janjanbureh a tsakiyar kogin Gambiya, suna ne zai fara ba shi wahala. Kafin 1995 Georgetown ake kiran garin, tsibirin kuma MacCarthy. Wanda ya shiga takardun Turawan mulkin mallaka yana neman Janjanbureh, hannu rabbana zai fito. Wasiƙun gwamnonin Gambiya suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Ingila ƙarƙashin lamba CO 87, kuma da tsohon suna ake nema.

A 1927 aka buɗe makarantar da sunan Gwamna Cecil Armitage, domin 'ya'yan sarakunan karkara, irin tunanin da ya sa Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya kafa tasa a Nassarawa ta Kano. Saboda haka a tsohuwar rajistar shiga, sunan uba da gundumarsa sun fi sunan yaro amfani. A nan ake yawan yin kuskure: Ceesay da Sisay suna ɗaya ne, haka Jallow da Diallo. In ba a haɗa su ba, sai a ƙirga ɗalibi ɗaya sau biyu. A buɗe shafi guda ga kowane mutum, a jera duk yadda aka taɓa rubuta sunansa.

Takarda ba ta daɗewa a tsibiri. Damina daga Yuni zuwa Oktoba take, laima tana manne shafuka, gara ta cinye saura. A ɗauki hoton kowane shafi kafin a fara karatu, har da bango, a ajiye a wuri biyu. Shafin da ya manne kada a ɓamɓare shi da ƙarfi, tawadar ce za ta tafi.

Tsofaffin ɗalibai kuwa ba su cika riƙe shekara ba. A tambayi dattijo ko ya shiga kafin samun 'yancin kai na 1965 ko bayansa, sannan a gwada da rajista. Ni a ganina, an fi zaluntar masu dafa abinci da masu fito a irin wannan tarihi. Kafin gadar Sankulay Kunda ta 2010, wadda ta haɗa tsibirin da gaɓar kogi, buhun shinkafa da sabon malami duk ta ruwa suke shigowa, kuma masu dafa abinci da masu fito ne suka san me ɗalibai ke ci ranar da jirgin fito ya lalace.