Hoto nawa ya kamata mai hoto ya ɗauka?

Na koyi sana'ar hoto a zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya na Kodak ko Fuji bai wuce hoto 36 ba, wani ma 24. Kowane danni kuɗi ne: na fim, na wanki, na takarda. Shi ya sa maigidana ba ya barin yaro ya taɓa maɓalli sai ya gyara tsayuwar mutum, ya duba ta inda rana take.

Yanzu katin ajiya mai giga 64 yana cin hoto sama da 2,000, ko da a tsarin RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, wanda hoto ɗaya kan kai mega 25 zuwa 30. Sai yara masu tasowa suka ɗauka danni ya zama kyauta. Ni ban yarda ba. Kuɗin bai tafi ko'ina ba, wuri ya sauya. Da dare ake biyan sa, a gaban kwamfuta, kana duba hotuna ashirin na amarya ɗaya a zama ɗaya, idonka ya yi ja, ga shi an ɗauke wuta, ga uwar amarya tana bugo waya. Ita ma kyamarar tana biya. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyakar kwana. Na Canon 5D Mark III, alal misali, kamfanin ya ƙiyasta masa danni 150,000. Yawancinmu kuwa gwanjo muke saya, wani ya riga ya cinye rabin rayuwarta. Kafin ka biya, ka sa a duba maka lissafin dannin da ta yi.

Abin da nake tambayar kaina kafin in ɗaga kyamara guda ne: wannan abu zai maimaitu in na roƙa?

In ba zai maimaitu ba, ba na rowa. Jafi a Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano ranar hawan Daushe shi ne babban misali. Mahaya sun sako dawaki a guje, su ja linzami a gaban Sarki, su ɗaga hannu, ƙura ta turnuƙe. Duka-duka 'yan daƙiƙu ne, kuma babu mai cewa hakimi, ranka ya daɗe, a sake. Nan nakan sa saurin ƙyaure ya kai 1/1000 na daƙiƙa, in sa ɗauka a jere, hoto shida a daƙiƙa. Amma ko nan akwai dabara. Wanda ya danne maɓalli tun daga nesa, ma'ajiyar wucin gadi ta kyamara za ta cika, ta tsaya tana zuba hotuna a kati daidai lokacin da doki ya yi tsaye da ƙafar baya. Gara ka bari su matso, ka saki gajeren jeri, ka ɗaga yatsa, ka sake. Haka ma lokacin da ake fesa wa amarya turare a wajen kamu, ko kaka ta taso tana liƙi.

Hoton taro ma ina ninka shi, don a cikin mutum goma sha biyar ba a rasa mai ƙifta ido ko mai waiwaye. Biyar ko shida sun wadatar, ɗaya zai fito lafiya.

Abin da ke zaune kuwa, uku sun isa. Ango da abokansa, kayan ɗaki, lallen hannun amarya. In na farko bai yi kyau ba, na hamsin ma ba zai yi ba, tun da matsalar haske ce ko wurin tsayuwa, ba yawa ba. Ka matsar da ita bakin taga, a gyara mayafi, sannan ka danna. A wajen ɗaurin aure ma nakan rage sosai. Dattawa da malamai ba sa son ana ta walƙa musu fitila a fuska ana tsakiyar addu'a, kuma suna da gaskiya.

Ba na goge hoto a filin aiki. Allon bayan kyamara ƙarami ne, rana tana dukan sa, batir yana tafiya, kuma kana sunkuye abin ɗauka yana wuce ka. Sai na koma gida nake tankaɗe sau biyu: da farko in fitar da masu dishi-dishi da rufaffen ido, washegari in zaɓi na albam.

Sai kuma masu cewa a tura musu duka. Hajiya, ki yi haƙuri, ba na yi. Wanda bakinki ke buɗe kina tauna nama, shi za a fara yaɗawa a WhatsApp, kuma sunana ne a ƙasan sa.