Kafin ku karɓi usur na koci, ku dubi tarihin Martin Johnson

Ƙannena masu sha'awar wasa, da wuya a samu ɗan wasan zari-ruga da Ingila ke girmamawa kamar Martin Johnson. Dogon mutum ne da ya ɗan haura mita biyu, wanda ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta wasa a kulob ɗin Leicester Tigers, ya kuma buga wa ƙasarsa wasanni 84. Shi ne kyaftin ɗin tawagar British and Irish Lions, wato haɗakar zaratan 'yan wasan Birtaniya da Ayalan, da ta yi nasara a Afirka ta Kudu a 1997, kuma shi ne ya ɗaga Kofin Duniya a birnin Sidni a 2003, bayan Ingila ta doke Ostireliya da ci 20 da 17.

Ya rataye takalmi a 2005. A 2008 hukumar zari-rugar Ingila ta damƙa masa ragamar tawagar ƙasa, alhali bai taɓa horar da ko da ƙaramin kulob ba, domin an ɗauka cewa kwarjininsa zai wadatar. A watan Nuwamba na shekarar, Afirka ta Kudu ta lallasa su da ci 42 da 6 a filin Twickenham da ke Landan, a gaban mutanensu. Adalci ne a faɗa cewa daga baya ya farfaɗo, har ya lashe gasar ƙasashe shida ta Turai a 2011. Amma a Gasar Kofin Duniya ta wannan shekarar a New Zealand, labaran rashin ɗa'ar wasu 'yan wasansa a wajen fili sun fi wasan kansa cika jaridu, Faransa ta fitar da su a kwata-fainal da ci 19 da 12, shi kuma ya ajiye aiki a watan Nuwamba.

Abin da ya sa nake ba ku wannan tarihi shi ne, na faɗa irin wannan rami, ko da yake a ƙwallon ƙafa ne, kuma a ƙungiyar unguwa. Da gwiwata ta hana ni wasa, dattawan ƙungiya suka miƙa mini usur don ni ne tsohon kyaftin, na karɓa ban ko nemi shawara ba. Akwai wani yaro mai tsaron baya da ya kasa tare ƙwallo da ƙirji. Duk lokacin da ya gwada sai ta yi tsalle ta bar shi. Abin da na iya kawai shi ne in karɓi ƙwallon in yi masa misali, in ce, "Ka gani? Haka ake yi." Idan ya sake kuskure sai in ɗaga murya. Wani tsohon malamin motsa jiki da ke kallo daga bakin fili ne ya kira shi, ya ce, "Ɗana, ka ɗan ja ƙirjinka baya daidai lokacin da ta iso." Nan take ƙwallo ta sauka a ƙafarsa. Na daɗe ina yin haka da jikina, amma ban taɓa sanin cewa ina yi ba, balle in iya furta shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan ciwo. Yawancin waɗanda nake horarwa abokan wasana ne, mun ci mun sha tare, don haka idan ɗayansu ya makara atisaye sai in kau da kai, idan kuma ƙarami ya makara sai in hukunta shi. Yara suna da ido, kuma ba su daɗe ba suka daina ɗaukar maganata da nauyi. Shi ma Johnson ya jagoranci mutanen da ya yi wasa da su, irin su Jonny Wilkinson da Lewis Moody, kuma ko da mutanen kirki ne, canza matsayi daga aboki zuwa maigida ba ƙaramin aiki ba ne.

Ku kwatanta da Rassie Erasmus na Afirka ta Kudu, wanda ya buga wa ƙasarsa wasanni 36 kacal. Ya fara koyarwa a matakin lardi, ya ci Kofin Currie, wato gasar lardunan Afirka ta Kudu, da ƙungiyar Cheetahs a 2005, ya je Munster ta ƙasar Ayalan ya ƙara gogewa, sai a 2018 ya karɓi tawagar ƙasa, ya kuma lashe Kofin Duniya a 2019. Ya yi kurakuransa na farko a inda duniya ba ta zuba masa ido ba.

Saboda haka idan aka yi muku tayin koci don kun yi suna a fili, ku roƙi a fara ba ku mataimaki, ko kuma ƙananan yara. Ku shiga kwas ɗin horarwa ko da kuna ganin kun fi malamin iya wasa. Sannan tun ranar farko ku zauna da tsofaffin abokanku ku gaya musu ƙa'idar lokacin atisaye da hukuncin wanda ya karya ta, a gaban sauran 'yan wasa.