Yadda na zaunar da lasifikokin kusurwa a falona

Lasifikokin da nake magana a kai su ne Klipschorn, waɗanda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas ta Amurka a 1946. Tsofaffi na samu, cikin kayan gwanjon da suka zo mana Maraɗi ta Kwatano. Kowace ɗaya ta kusa kilo 80, sai da samarin unguwa suka kama mini.

A cikin akwatin akwai lasifika mai faɗin inci 15, amma ba ta fuskantar mai sauraro. Sautinta yana bin wata hanya da aka nannaɗe cikin katako, tana ƙara faɗi kamar kakaki, har ya fita ta gefe. Ƙarshen wannan ƙaho ba katako ba ne, bangaye biyu na kusurwar ɗakin ne da daɓen ƙasa. Don haka duk wanda ya ajiye ta a tsakar bango ya yanke mata rabin jiki, kaurin sautin ya tafi.

Nan fa aikin ya koma kan bango. Maginanmu ba su cika damuwa da saitin kusurwa ba, ga kuma layin tayil da ake zagaye gindin bango da shi, wanda ya hana akwatin mannewa. Tazarar ba ta wuce kaurin yatsa ba, amma kunne yana jin ta: ganga ta zama fayau, ba nauyi. Na sa aka ɓamɓare tayil ɗin a kusurwoyin biyu, na liƙa soson robar nan da ake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi a gefen allon bayan akwatin, sannan muka tura akwatin har ya matse. Ginin bulo da siminti ya yi mini rana, domin ba ya rawa, ba ya shanye sauti.

Kusurwar dama kuma ƙofa ce kusa da ita, alhali ana son bango ya miƙe aƙalla mita 1.2 ta kowane gefe. Kafinta ya dubi wurin ya ce, "Alhaji, ai sai mu yi mata bangon kanta." Ya haɗa katako mai kauri ninki biyu, ya tokare shi ta baya. Siririn falanki ba zai yi ba, kaɗawa zai riƙa yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin zama. Waɗannan lasifikoki ba a juya su yadda aka ga dama. Kusurwa ta riga ta sa su fuskanci ɗaki a karkace, digiri 45. Inda fuskokinsu suka haɗu yana da nisan rabin tazarar da ke tsakaninsu. Falona mita 6 ne da mita 4. In aka sa su a kusurwoyin gajeren bango, mahaɗar tana mita 2 kacal daga bango, kujera ta tare tsakiyar falo, uwargida kuwa ta ce, "Maigida, to baƙi ta ina za su bi?" A dogon bango mahaɗar ta koma mita 3, kujera ta samu wuri kusa da bangon baya. Nan na tsaya, kuma shi Klipsch ma dogon bango ya fi so. Illarsa ɗaya: in tazarar ta yi yawa, muryar mawaƙi takan raunana a tsakiya. Don toshe wannan giɓin ne ya fito da ƙaramar lasifika mai suna Heresy a 1957, wadda ake ajiyewa a tsakaninsu. Ni dai matsar da kujera kaɗan ya ishe ni.

Tayil ɗin ƙasa yana mayar da amo, kalangu ya riƙa sukan kunne. Darduma mai kauri da labule sun kwantar da shi. Silin ma ya yi ta ƙara sai da aka ƙara masa ƙusoshi.

Wuta kaɗan suke ci. Wat ɗaya yana ba da sauti sama da desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa ƙaramin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da batirin sola ke ɗauka ya wadatar, ko an ɗauke lantarki. Sai dai ba sa rufa wa amfilifaya asiri: ɗan gurnanin da wata lasifikar za ta ɓoye, su sai sun fito da shi. Kuma tunda bangon yana cikin aikin, maƙwabcin da kuka haɗa gini yana sauraro tare da kai, ko yana so ko ba ya so. Nawa dattijo ne, da an yi sallar isha'i nake rage murya.